Hotdog Mai Rigar Hanji: Harshe Ma Alƙali Ne

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, mun sani sarai wani zai buɗe wannan shafi ya ce, ashe matsalolin ƙasa sun ƙare ne har mujallarmu ta sami sukunin zancen abincin bakin titin Amurka? To, a yi haƙuri a karanta tukuna. Kowace shekara akwai daga cikinmu waɗanda ake turawa ƙaro ilmi ko kwas a ƙasashen waje, kuma sau da yawa abu na farko da yunwa kan haɗa su da shi a tashar jirgi ko a ƙofar makaranta shi ne wannan abinci. Akwai kuma waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da ke tsara dokar abin da ake sayar wa jama'a su ci. Ga waɗannan duka muna ganin akwai darasi cikin gardamar da Amurkawa suka daɗe suna yi a kan wane hotdog ne ya fi daɗi. Masu iya magana dai sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bari mu fara kawar da wani tsoro. Sunan abincin, in an fassara shi kalma da kalma, yana nufin kare mai zafi, amma babu kare a ciki. Sunan barkwanci ne da ya bi shi tun ƙarshen ƙarni na 19. Shi dai dangin sosej ne, kalmar da yawancinmu muka fara ji a bakin masu tallan Gala a tasha. Ana niƙa nama da kitse da ƙanƙara da gishiri da kayan yaji har su koma kamar ƙullu mai laushi, a ɗura cikin wata doguwar riga siririya, a murɗe ta gaɓa-gaɓa kamar rake, a kyafe da hayaƙi, sannan a dafa. Mai saye sai ya ɗumama ko ya gasa, ya tsaga dogon burodi ya kwantar da shi a ciki. Asalinsa Jamus da Ostiriya ne, shi ya sa har yanzu ake kiransa da sunan biranen Frankfurt da Biyana, kuma can gida da naman alade aka fi yinsa. Na naman sa zalla kuwa a Amurka ya yi ƙarfi, musamman a Niyok da Shikago, inda Yahudawa masu ƙaura, waɗanda su ma ba su cin alade, suka shiga sana'ar da ƙarfinsu.

Ga ra'ayinmu tun ba a yi nisa ba. Idan aka ajiye hotdog biyu na naman sa zalla, masu haɗi iri ɗaya, ɗaya cikin rigar hanjin tunkiya, ɗaya kuma tsirara, to mai rigar ya fi daɗi, kuma fifikon nan yana da dalilin da za a iya bayyana wa kowa. Sai dai kalmomin nan biyu da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin ƙunshi, watau naman sa zalla da rigar asali, ba su isa shaida ba su kaɗai. Dole mai ci ya haɗa da harshensa, ya kuma haɗa da karatun ƙananan baƙaƙen da ke bayan ƙunshin. Wanda ya bar ɗaya daga cikin biyun nan ya miƙa wuyansa ga ɗan kasuwa ke nan.

Kafin mu kai ga ɗanɗano, ya kamata a san gidajen da ake gwadawa. A shekarar 1893, lokacin babban bajekolin duniya da aka yi a Shikago, wasu baƙi biyu daga daular Ostiriya da Hungari, Emil Reichel da Samuel Ladany, suka sayar da sosej ɗinsu na naman sa ga 'yan kallo, kuma daga nan kamfanin Vienna Beef ya samo asali. A Niyok kuwa, a bakin tekun Coney Island, wani Bajamushe mai suna Charles Feltman ya riga ya yi suna wajen sayar da sosej cikin burodi. Wani ma'aikacin gidan abincinsa mai yanka burodi, Nathan Handwerker, Bayahude daga Polan, ya ɓalle a 1916 ya kafa tasa rumfar, ya riƙa sayarwa senti 5 alhali gidan Feltman na sayarwa senti 10. Rumfar nan ita ce Nathan's Famous ta yau. Sai Sabrett, wanda ya faro a 1926, wanda duk wanda ya taka titunan Niyok ya ga laimarsa mai shuɗi da rawaya a kan kekunan masu talla. Akwai Boar's Head da Hebrew National, su biyun an kafa su a Niyok a 1905. Abincin talaka ne tun asali, amma ya kai inda a watan Yuni na 1939 Shugaba Roosevelt ya ba Sarkin Ingila George na 6 shi ya ci a liyafar da ya shirya masa a Hyde Park.

To mece ce rigar da ake wa wannan cece-kuce? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gyaran kayan ciki ranar Babbar Salla ya san ƙaramin hanji. Shi ake wankewa, a kankare ciki da waje har sai wani siririn tantani kaɗai ya rage, fari, mai ƙarfi, mai miƙewa, a barbaɗe shi da gishiri a adana. Na tunkiya shi ne siriri kuma mai laushi, shi ya dace da hotdog na kullum. Na alade ya fi faɗi da kauri, shi ake yawan ɗura manyan sosej a ciki. Aikin na hannu ne kuma mai cin lokaci, domin tunkiya ɗaya hanji ɗaya gare ta, kuma faɗinsa ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, sai an hura ruwa a ciki an auna an ware. Ana sayar da shi ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri yadi 100, watau kimanin mita 91, kuma da yawa daga hanjin tumakin Ostireliya da Niyu Zilan sai an kai ƙasar Sin an tantance shi kafin ya isa masana'anta. Ga tsada, ga saurin yagewa a bakin na'ura, ga kuma sosej ɗin ya fito a ɗan lanƙwashe, wani ya fi wani kauri.

Wannan wahala ce ta sa wani mutumin Shikago, Erwin Freund, ya fito da rigar roba-roba ta sinadarin seluloz, wanda ake samu daga itace da auduga, a shekarar 1925, ya kafa kamfanin Visking a kanta. Ita ba a cinta. A ɗura ƙullun nama a ciki, a kyafe, a dafa, sai wata na'ura ta tsaga ta ta zare, hotdog ya fito tsirara, miƙaƙƙe sak, kowanne daidai da ɗan'uwansa kamar an zuba a ma'auni. Zafin dahuwa kan sa bayan naman ya ɗan daskare ya zama wata 'yar fata ta kansa, ita ke riƙe shi. Daga baya aka ƙara fito da riga ta uku, wadda ake sarrafawa daga cikin fatar shanu, watau dangin ganda, ana kiranta kolajin, ita kuwa ana cinta. Yau mafi yawan hotdog da ake sayarwa a kantunan Amurka tsirara ne. Ba wanda ya tara jama'a ya tambaye su ko sun fi son haka. Na'ura ce ta fi son haka, farashi ya sauka, mutane suka bi, har aka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa sanin akwai wani iri ba.

Abin da aka rasa kuwa shi ne wannan. Tantanin hanji kusan ba shi da ɗanɗano na kansa, aikinsa riƙo ne. In zafi ya taɓa shi sai ya tsuke ya ɗame, kitsen da ruwan da ke ciki su narke su rasa hanyar fita. Da haƙori ya sauka sai ka ji ƙas, rigar ta fashe, romon ya watsu a baki gaba ɗaya, ƙanshin tafarnuwa da na hayaƙi su taso lokaci guda. Amurkawa suna da suna na musamman ga wannan ƙara, kuma masu son abin su kan ce in babu ita ba a ci hotdog ba. Shi kuwa na tsirara tun yana kan wuta yake zubar da romonsa, in an dafa shi a ruwa ruwan ya kwashe rabin gishirinsa da yajinsa, haƙori kuma ya nutse cikinsa ba tare da wata turjiya ba, daga farkon loma har ƙarshenta laushi ɗaya. Bugu da ƙari, tantanin yana barin hayaƙi ya ratsa shi, yana kuma yin ja ya soyu a kan ƙarfe mai zafi, ya ba da ɗan ƙauri mai daɗi irin wanda muke nema a gefen balangu. Na kolajin yana tsakiya, yana da 'yar ƙara amma ba ta kai ta hanji ba, wani lokaci kuma sai a ji shi kamar takarda a baki.

Mu fa ba baƙi ba ne a wannan fage, don haka kada wani ya ji kunyar faɗin ra'ayinsa a gaban Ba'amurke. Mutumin da ya tashi yana bambance tsiren da aka barbaɗa wa sabon ƙuli-ƙuli da wanda ƙulinsa ya kwana biyu, wanda ya san kilishin da labunsa ya ratsa da wanda aka shafa masa a sama kawai, ya riga ya mallaki ma'aunin da ake bukata. Abin da ya rage shi ne a yi gwajin bisa adalci. A samo masu girma ɗaya, galibi guda 8 ke cika laba ɗaya, watau kowanne kusan giram 57. A dafa su hanya ɗaya, domin in an gasa wani an turara wani, wutar ake gwadawa ba naman ba. Kada a huda su da cokali mai yatsu, kada a bar su cikin tafasasshen ruwa har rigar ta fashe. A ɓoye sunan kamfani, domin ido kan rinjayi harshe, kuma wanda ya san ya biya da tsada ba ya son ya ce an cuce shi. A ci loma ta farko ba burodi ba miya, a kurkure baki da ruwa kafin a koma ga na gaba. Sannan a tambayi kai: ya yi ƙara? Romo ya fito ko ya bushe? Naman sa ake ji ko gishiri kawai? Bayan an haɗiye, me ya rage a baki, ƙanshi ko maiƙo?

In an bi wannan hanya, bambancin gidajen nan yana fitowa fili. Na Niyok masu ƙarfin yaji ne. Nathan's mai riga tafarnuwa ce ke gabansa, ga gishiri, ga maiƙo, kuma ya fi kyau a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai zafi kamar yadda ake yinsa a Coney Island, inda rigar kan soyu har ta yi ƙyalli. Sabrett shi ma akwai tafarnuwa, amma hayaƙinsa da jan garin tattasainsa sun fi fitowa, kuma wannan ƙarfi ne ke ceton sa a hannun masu keke, waɗanda ke ajiye shi cikin ruwan zafi tun safe. Boar's Head ya fi su tsauri a haƙori, yajinsa kuma bai cika gaba ba. Vienna Beef na Shikago shi ne mai sanyin hali cikinsu, naman ake fara ji kafin yaji, kuma ba banza aka yi shi haka ba. Mutanen Shikago turara shi suke yi, su ɗora masa mastad rawaya da yankakkiyar albasa da tumatir da kokwamba mai tsami da ƙananan barkono da wani koren haɗi mai zaƙi da gishiri mai ƙanshi, har ya koma kamar an ja shi ta cikin lambu. Da yajinsa ya yi ƙarfi da an yi rikici a baki. Mutanen Niyok kuwa mastad mai duhu da kabeji mai tsami ko albasa da aka dafa da tumatir kawai suke sawa, don haka nasu dole ya tsaya da ƙafarsa.

Idan aka tilasta mana zaɓe, mukan ce in za a ci shi kaɗai daga kan wuta, mai tafarnuwar Niyok ya fi dacewa da harshen da ya saba da yajin tsire, in kuwa za a yi masa lodin kayan lambu, na Shikago ya fi. Amma wannan zaɓe ne na harshe, kowa da nasa, kuma ba za mu yi faɗa da wanda ya saɓa mana ba. Abin da ba mu yarda a ce son rai ba ne shi ne bambancin mai riga da marar riga daga gida ɗaya. A nan ne ma mai saye ke yawan faɗawa rami. Baƙo ya ci Nathan's a bakin teku ya yi santi, ya shiga kanti ya ga sunan nan a jikin ƙunshi ya saya, ya je gida ya dafa, ya ji abin ba haka ba. Ba a yi masa ƙarya ba, domin an rubuta a jiki cewa marar riga ne, shi ne bai karanta ba. Suna ɗaya, haɗi kusan ɗaya, abinci biyu. Mai riga ana gane shi da ido ma, yana da ɗan lanƙwasa da 'yar jela a kowane baki inda aka murɗe shi.

Masu kare na tsirara suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Sun ce ya fi araha, kuma ga iyali mai yara shida araha ba abin wasa ba ce. Sun ce yara da tsofaffi masu raunin haƙori sun fi jin daɗinsa, wasu ma ƙyamar hanji suke yi ko da an wanke shi sau ɗari. Sun kuma ce riga ba ta gyara mugun haɗi, kuma wannan gaskiya ce tsantsa, domin in an cika ƙullu da ruwa da gishiri da zaƙi, ko da wane hanji aka rufe shi sunansa ruwa da gishiri. Hebrew National, alal misali, ba ya amfani da rigar hanji saboda ƙa'idojin yankan Yahudawa, amma haɗinsa ya fi na masu riga da dama. Duk mun karɓa. Abin da muke cewa shi ne, araha dalili ne na saye, amma ba ta zama hujjar cewa abu biyu ɗaya ne ba. Talaka yana da haƙƙin ya sayi mai sauƙi, yana kuma da haƙƙin ya san me aka cire har ya yi sauƙin. Ranar da aka shawo kan jama'a suka yarda cewa babu bambanci, ranar ce mai yin na kirki zai rufe shagonsa.

Yanzu ga inda batun ya fi shafar yawancinmu. Kalmar naman sa zalla tana magana ne a kan abin da ke ciki. Ba ta ce komai a kan riga ba, ba ta kuma ce komai a kan yadda aka yanka san ba. Ana iya ɗura naman sa tsantsa cikin hanjin alade, musamman manyan nan masu kauri, kuma shekara da shekaru doka ba ta tilasta a faɗa ba. Sai a 2001 ma'aikatar noma ta Amurka ta kafa ƙa'idar cewa in rigar ta fito daga wata dabba daban da ta naman da ke ciki, dole a rubuta sunan dabbar a jikin ƙunshi, haka kuma in rigar kolajin ce dole a bayyana. Saboda haka ɗan'uwa da ke can, kada ka tsaya ga manyan baƙaƙe, juya ƙunshin ka nemi inda aka ce tunkiya ko alade. In a bakin keke ne ko gidan abinci, inda babu ƙunshi a gabanka, ka tambaya, tambaya ba ta rage mutunci. Batun yanka kuwa, da hukuncin abincin Ahlul Kitabi, fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Mu dai namu shi ne mu ce akwai masu tambarin halal a kasuwa, 'yan'uwanmu mazauna Bronx da Harlem sun san inda ake samunsu. Kasuwa kuma tana jin kiran mai saye, domin shahararrun masu abincin nan na The Halal Guys da keken hotdog suka fara a Manhattan a 1990, direbobin tasi Musulmi ne suka ja su zuwa shinkafa da naman halal.

Kada kuma a ɗauka dokokin nan kyauta ce daga 'yan kasuwa. A 1906 marubuci Upton Sinclair ya fitar da littafinsa The Jungle, inda ya fallasa ƙazantar mayankan Shikago da irin abin da ake niƙawa a zuba cikin sosej. Hankalin jama'a ya tashi, cinikin nama ya faɗi, kuma a cikin shekarar nan majalisa ta zartar da dokar duba nama. Daga wannan tushe aka yi ta gini. Yau doka ta ce kitsen hotdog kada ya wuce kashi 30 cikin 100, ruwan da aka ƙara kada ya wuce kashi 10, ko kuma su biyun a haɗe kada su wuce kashi 40. Bayan an sami cutar haukan shanu a Amurka a ƙarshen 2003, aka hana sa naman shanun da na'ura ke matsewa daga jikin ƙashi cikin abincin mutane tun daga 2004, alhali na kaji har yanzu an yarda da shi muddin an rubuta. Wannan na daga dalilan da suka sa na naman sa zalla ke da daraja. Duk da haka suna ba ya tsaron kansa. A 2024 wata ƙwayar cuta mai suna listeriya ta ɓulla daga wata masana'antar Boar's Head da ke jihar Bajiniya, ta cikin wani sosej na hanta, mutum 10 suka rasu, aka rufe masana'antar. Gidan da ya shekara fiye da ɗari yana cin sunansa ke nan. Harshe ba ya jin ƙwayar cuta, wannan aikin mai duba ne, kamar yadda mai duba ba ya iya gaya maka wanne ya fi daɗi.

Za mu zama marasa amana in muka yi ta yabon ɗanɗano ba mu faɗi illa ba. Jan launin nan mai ban sha'awa daga sinadarin naitirait yake, wanda ake sawa don ya hana wata muguwar guba tsirowa cikin nama. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa irin wannan cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, ta ce cin giram 50 kowace rana yana ƙara haɗarin dajin babban hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Giram 50 kuwa hotdog ɗaya ke nan. Gishirin guda ɗaya ma yakan kai wajen rubu'in abin da hukumar ta ce ya ishi babba a yini. Rigar hanji ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma a nan ma hujjarmu ta ƙara ƙarfi, domin abin da bai kamata a ci kullum ba, in za a ci, a ci mai kyau. Gara guda ɗaya mai ƙara da romo sau ɗaya a wata da biyar marasa ɗanɗano kowane mako. Gasar da ake yi a Coney Island kowace ranar 4 ga Yuli, inda Joey Chestnut ya haɗiye 76 da burodinsu cikin minti 10 a 2021, abin kallo ce, amma wanda ya jiƙa burodi a ruwa ya tura ba tauna bai san me ya ci ba.

To me ya shafe mu a gida? Sosej iri-iri sun riga sun cika firjin manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja, wasu na gida wasu na waje, 'ya'yanmu da ƙannenmu suna cinsu a makaranta da wurin biki. Mutum nawa ne cikinmu suka taɓa juya ƙunshi suka duba naman mece ce, rigar ta mece ce, nawa ne nama nawa ne gari? Muna da hukumar NAFDAC tun 1993, kuma daga cikin masu karanta wannan shafi ne za a ɗauki ma'aikatanta na gobe, da likitocin dabbobi masu duba mayanka, da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi. Muna roƙonsu su tuna cewa layi ɗaya da aka tilasta rubutawa a jikin ƙunshi yana iya kare imanin mutum da lafiyarsa da kuɗinsa. Haka nan abin da ya sami rigar hanji a Amurka yana iya samun namu. Duk ranar da na'ura ta zo da kilishi mai sauri da araha, wanda bai sha rana ba, bai ga labu na kirki ba, in babu masu harshen da za su ce wannan ba shi ba ne, cikin shekara ashirin sai a nemi na gaskiya a rasa, kuma yaran lokacin ba za su san an yi musu asara ba.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa bai da yawa. Wanda Allah ya kai shi Niyok ko Shikago, ya nemi mai rigar tunkiya wanda ya gamsu da halaccinsa, ya gwada shi da na tsirara ba tare da ya ga suna ba, ya yanke nasa hukunci, ya dawo ya ba mu labari a waɗannan shafuka ko da ya saɓa mana. Wanda ke gida kuwa, daga yau kada ya sa wani abu cikin kwandon sayayya sai ya juya bayansa ya karanta, in bai ga abin da yake nema ba ya tambayi mai kanti, in mai kanti bai sani ba ya mayar masa da kayansa. Ilmin da muke taƙama da shi, in bai kai mu ga sanin abin da muke sawa a bakinmu ba, da sauran karatu a gabanmu.